Surace a Azumin Kulle

Bana azumi ya zo ya wuce tun mangwaro yana ɗanye. Sai yanzu da aka manta da Salla zafin gaban ruwa ya sauko mana a Kpakungu, unguwarmu a Minna, irin wanda ke sa kwanon rufi ya riƙa ƙara shi kaɗai da tsakar rana. Shekaranjiya ina zaune ina gyaran wake, mangwaro ya faɗo kan rufi, tim, ya gangaro ya tsaya kusa da ƙafata. Na daɗe ina kallonsa ban ɗauka ba. Hankalina ya tafi azumin da aka kulle mu a gida, shekarar korona, lokacin da faɗuwar mangwaro ce babbar ƙarar da ake ji a layin nan.

Ni sana'ata ƙosai da kunu a bakin titi. Malam, maigidana, tela ne, kakansa aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, bai sake komawa ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Ayuba, Bagwari ne mutumin Kuta, Kirista, mu mata muna ce masa Baban Laraba. Ya yi gadi a gari har ya ajiye, amma zuciyarsa kullum tana gonarsa ta Kuta. Shi kuwa bai taɓa kiran Malam da wani suna ba sai Tela.

Mutanen nan biyu sun haura shekara talatin suna gardamar siyasa. Malam ɗan a-mutun shugaban ƙasa na lokacin ne, ko ruwa aka ɗauke a unguwa sai ya samo masa uzuri. Baban Laraba kuwa yana ɗaya ɓangaren, ko kaza ta ƙi yin ƙwai gwamnati ce. Kowa da rediyonsa, benci ɗaya, gindin mangwaron ƙofar shago. Su yini suna yi har jijiyar wuya ta tashi, da yamma kuma kwanon ciyayya ya tsallake katanga kamar ba a yi ba. Da azumi kununa da ƙosaina su je, sabuwar doya in ta fito ta zo mana. Kajin Kirsimeti ma Malam suke kawo wa ya yanka, don mu iya ci. Zaɓe nawa ya zo ya wuce, ban taɓa jin tsoron wani abu zai raba su ba sai a waccan shekarar ta korona.

Da farko labari ne a rediyo, na ƙasashen da ba mu san hanyarsu ba. Sai aka ce cutar ta shigo ƙasa, sai aka ce kowa ya koma gida ya zauna. Aka rufe makarantu, aka rufe masallatan Juma'a da coci, kasuwa sai ranar da aka ce a fito. Su Baban Laraba a ɗaki suka yi Ista, muna jin waƙarsu ƙasa-ƙasa ta kan katanga, murya biyu kacal. Ba a daɗe ba aka ga watan azumi.

Har yau idan na tuna garin a kwanakin nan, sai in ga kamar barci nake yi na gan shi. Shataletalen Kpakungu da ba ya hutawa da tankoki da keke, awaki ne kwance a tsakiyar kwalta suna tuƙa. Ladan ya yi kira, ya ƙara da cewa kowa ya yi salla a gidansa, sai ka ji muryar ta tafi ta dawo babu takun ko mutum ɗaya. Tsuntsayen da rabona da jin kukansu tun ina yarinya suka dawo unguwa. Da rana tsaunukan bayan gari su riƙa rawa a cikin zafi, sama fari fat, ganye ko motsi. Ranaku suka cakuɗe mini, ba na bambance Talata da Asabar.

Aikin gida ne kaɗai ya rage mini na gane lokaci. In gari ya waye in share tsakar gida tun ƙasa ba ta ɗau zafi ba, in zauna jiran mai ruwa, wanda zuwansa ya zama sai an yi sa'a. In ya zo, jarka biyu ce, ita ce wanka, ita ce girki, ita ce alwala. Da azahar in jiƙa zane in shimfiɗa a siminti in kwanta, harshe ya manne, kunne na ƙara. Waken sana'ata da ya rage na koma auna shi da gwangwanin madara. Kunun tsamiya kuwa kullum ina ƙara tsinka shi, har ya kai ana hango gindin kofi. Dabino ya gagare mu, da mangwaro muke buɗe baki, wata rana ma shi ne rabin abincin.

Malam kuma ɗinkin Salla shi ne kakarsa, amma ko yadi ɗaya ba a kawo ba. Sai ya tattara ƙyallayen atamfa ya shiga ɗinka takunkumi yana rabawa kyauta, wai taimakon shugaba yake yi. Ya ɗinka wa Baban Laraba mai kyau, shuɗi, ya miƙa masa ta katanga. Washegari muka gan shi a hannunsa ya naɗe goro a ciki.

Da yake an hana zaman benci, gardamar ta dawo cikin gida. Bayan la'asar Malam ya ja kujera jikin katanga, Baban Laraba ya ja tasa ta can, ba sa ganin juna, sai murya. Hausar Baban Laraba irin ta Minna ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Tela, mutuminka ya yi magana yau?"

"Ya yi. Ya ce a ƙara haƙuri."

"Haƙurin da me ake dafa shi? Faɗa wa Maman Laraba, tukunyansa na kan wuta."

"Ayuba, Makka ma an rufe. Shi ya rufe Makka? Dattijon nan ranka yake karewa, kai ba ka sani ba."

"Masu hawa jirgin sama sun kawo ciwonsu, an zo an kulle masu ɗaukan doya a kafaɗa. Ka nuna mini mutum ɗaya a Kpakungu da ya kama. Kayan tallafin ma a rediyo muke cinsa."

Ni da Maman Laraba mukan yi dariya, kowace a bakin murhunta. Amma na lura dariyar mazan ta soma ƙarewa. A da gardamar ƙoshi suke yi, wannan kuwa da yunwa a ciki.

Ranar da abin ya ɓaci, ranar fita kasuwa ce. Baban Laraba ya hau mashin tun da safe zai je Kuta, ya ɗebo abinci a rumbu, ya kuma duba gona don hadari ya fara haɗuwa. A shingen bakin gari jami'an tsaro suka tsare shi, aka riƙe mashin ɗin, ya yini a rana, daga ƙarshe ya dawo da ƙafa hannu wofi. Bai shiga gidansa ba, namu ya fara yi wa sallama, rigarsa sharkaf da gumi. Ya miƙa wa Malam hannu kamar yadda ya saba yi shekara talatin.

Malam na sanye da takunkumi. Ya ja baya taku ɗaya, ya ɗora hannunsa a ƙirji.

Ina tsaye da ludayi ina kallon hannun nan a miƙe, babba, duk kanta, ba wanda ya karɓa. Ya daɗe kafin ya sauke shi.

"Yau hannuna ne ya zama ciwo, Tela?"

"Doka ce, Ayuba. Daga waje kake."

"Dokan mutuminka."

"Dokar masu hankali ce. Da ka bi ta, da ba ka je ka yini kana roƙon yaran da ka haifa a bakin shinge ba."

Baban Laraba ya juya ya fita a hankali, har ya ja mana ƙofa.

Da magariba na ɗaga kwanon kunu kan katanga na kira Maman Laraba. Ta karɓa, jim kaɗan ta dawo da shi a cike, idonta a ƙasa. Ta ce maigidan ya ce in hannunsa datti ne, to kwanonsa ma datti ne, kada a sake. Wallahi abin ya yi mini ciwo, na san kuma ba su da abin da za su ci sai garin kwaki. Na dire kwanon gaban Malam na ce, "Shugaban nan naka ya san sunanka? In ka faɗi yau shi zai ɗaga ka?" Ya kalle ni ya ci gaba da jan carbi. Malam taurin kai gare shi kamar turmi, kuma ba mai abokai ba ne. In ka cire Ayuba, ba shi da wanda yake zama da shi a duniyar nan.

Katangar ta yi shiru fiye da mako. Bayan la'asar Malam ya riƙa jan kujerarsa wurin da ya saba, ya kunna rediyo, ya zauna. Ta can ma ina jin an ja kujera, an kunna wata tasha. Labarai biyu na tashi lokaci ɗaya, mutum biyu sun yi gum.

Ruwan farko ya sauka azumi ya raba tsakiya. Iska ce ta fara zuwa mai sanyi, ta kaɗa labule, mangwaro ya yi ta zubowa kan rufi. Sai gari ya yi duhu da rana, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Na fito da duk wani baho da bokiti na jera a bakin indararo, na tsaya a ciki ina jiƙewa, bakina a rufe gam don kada ɗigo ya shiga. Ƙamshin ƙasa ya tashi, irin wanda ke sa mai azumi jiri.

Na ce, "Malam, ka ji ƙamshin nan kuwa?"

Yana tsaye bakin ƙofa. Ya ja numfashi ya ce, "Wane ƙamshi?"

Na ɗauka fushin ne bai sake shi ba. Da aka sha ruwa ya ce ban sa tsamiya a kunu ba, alhali tsaminsa har kama haƙori yake yi. Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi, da wani busasshen tari da ba ya fitar da komai. Shi da ya haddace duk alamomin da ake faɗa a rediyo, ya san abin da ke jikinsa. Na ce a kira lambar da ake sanarwa, ya riƙe mini zane. Tsoro yake ji kada masu fararen kaya su zo da mota su tafi da shi inda ba zan gan shi ba. Mai kare doka shi ya fara ɓoyewa, ni kuma na taya shi. Ya hana 'yarmu Sadiya da ke aure a Tunga ta zo. Na sayo ƙwayoyin zazzaɓi a kemis, ya ajiye azumi, amma kullum jiya ta fi yau. Abokan jam'iyyarsa da suka ji muryarsa a waya suka yi masa fatan sauƙi daga can inda suke.

Tari dai ba ya ɓoyuwa a gidan da katanga ɗaya ce. Rana ta huɗu da la'asar aka turo ƙofa ba a jira amsar sallama ba. Baban Laraba ne, rungume da ganyen dogon yaro, da na gwaiba, da na mangwaro, da busasshen ganyen gwanda, aljihunsa cike da lemun tsami.

"Maman Sadiya, ɗora babban tukunya."

Malam ya ɗago kai daga tabarma da ƙyar. "Fita, Ayuba. Don girman Allah ka fita. Ita ce."

"Wane ita? Zazzaɓin farkon damina ne, kowane shekara yana zuwa. Kwanta."

Surace zai yi masa, yadda iyayenmu ke yi. A tafasa ganye, a dire tukunyar gaban mara lafiya, a lulluɓe shi da ita cikin bargo, ya yi ta shaƙar tururin har gumi ya karyo. Na tafasa, muka zaunar da Malam kan 'yar kujera, muka rufe shi. Sai ga shi ba ya iya zama, yana ta rinjaya gaba zai faɗa kan tukunyar. Dole wani ya shiga ya riƙe shi. Na kama gefen bargon zan shiga, Baban Laraba ya tare ni.

"Ke kina azumi. Tururin nan in ya shiga cikinki ya karya. Ni ba na azumi, bar ni."

Na tsaya. Gaskiya ya faɗa a ganina, shekara talatin yana zaune da mu, ya san abin da ke karya azumi kamar yadda na sani. Na sake masa bargon. Wannan sakin da na yi, har gobe yana nan a raina.

Ya shiga, ya zauna a bayan Malam ya rungumo shi ta ƙirji, na ja bargon na rufe su ruf. Na koma bakin ƙofa na zauna. Hasken yamma na shigowa ta taga, tururi na fita ta gefen bargon siriri yana hawa sama, ɗakin ya cika da ɗacin dogon yaro. Wani tudu ne kawai a tsakar ɗaki yana numfashi, muryoyin tsofaffi biyu na fitowa daga ciki kamar daga rijiya.

"To Tela, ina mutuminka? Ya zo ya riƙe ka mana."

Na ji Malam ya yi wani abu tsakanin tari da dariya. "Yana da aiki. Ƙasa guda yake riƙe da ita."

"Ya riƙe da kyau, kada ya faɗa tukunya."

Can Malam ya ce, "Ranar nan, ba ƙyamarka na yi ba."

"Na sani. Yi shiru ka shaƙa."

Kwana uku a jere suna shiga bargon nan, kullum bayan la'asar, su fito jage-jage, ido jajur. Kwanon kunu ya koma tsallake katanga ba tare da kowa ya ce a yi ba. A rana ta biyar da fara suracen Malam ya nemi tuwo. Ni ma a tsakanin na yi ɗan zazzaɓi na kwana biyu, hancina ya daina jin komai, amma ban kwanta ba.

Salla ta zo babu Idi. Malam ya ja ni raka'a biyu a tsakar gida, ƙasa a jiƙe, ciyawa ta fara tsirowa a gindin katanga. Baban Laraba ya zo ya ci tuwon Salla da mu, suka taɓa gardama kaɗan a kan ko gwamna ne ya fi laifi ko shugaba. Yana wanke hannu ya ce gobe zai bi hanyar daji ya tafi Kuta, ruwa ba ya jiran gwamnati. Na ji yana gyaran murya sau biyu, sau uku, na ce ko yajin miya ne.

Bai yi mako biyu ba aka kira Maman Laraba a waya, ta tafi. Kafin masarar da ya shuka ta kai gwiwa aka binne shi.

Da hanya ta buɗe muka je gaisuwa. Kuta ta yi kore shar, kunyoyin doya a jere har inda ido ya tsaya. 'Ya'yansa suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya haɗu da tsufa, ba wanda ya gwada shi, ba wanda ya yi tunanin gwadawa. Malam ya zauna cikin maza kansa a sunkuye. Ni na bi Maman Laraba madafa, tana fere doya.

Ta ce, "Kwana uku kafin ya rasu, ya yi mini faɗa wai ban sa daddawa a miya ba. Na sa, Maman Sadiya. Har biyu na sa."

Muka kalli juna. Ita ma ta ji abin da rediyo ke faɗa, ta kuma san wanda ya shiga bargo da wa. Ta leƙa waje wajen maza, ta dawo da murya ƙasa.

"Kada Tela ya ji."

Tun daga nan Malam ya canza magana. Abokan jam'iyyarsa suka zo shago bayan an saki gari, suna yabon yadda shugaba ya tare annoba, sai ya ɗago daga kan keke ya ce musu babu wata annoba da ta zo Minna. Zazzaɓi ne, an kulle talaka a banza, Ayuba ne da gaskiya. Suka yi ta dariya, wai Tela ya sauya sheƙa da tsufa. Har wani ya daina kawo masa ɗinki. Bai kula ba, kuma har yau in aka tayar da zancen, abin da yake faɗa ke nan, da ƙarfi, kamar mai jiran a musa masa.

Sau ɗaya tak ya tambaye ni. Da hantsi ne, ina tsame ƙosai, ya zo ya tsaya a kaina ya daɗe, abin da ba ya yi.

"Maman Sadiya, ke da kika shiga wajen matar. Ba ta ce komai ba? Yana jin ɗanɗanon abinci har ƙarshe?"

Na juya ƙosan da bai isa juyawa ba. Shekara talatin da wani abu ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya a kan abin da ya fi kuɗin cefane ba.

Na ce, "Yana ji, Malam. Ta ce har santi ya yi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na faɗa musu zazzaɓi ne."

Na ce, "Zazzaɓi ne."